Suna Ɗaya, Lamba Biyu: Katin Girafik Ɗin da Ya Tsayar da Aikin Mai Haɗa Bidiyo a Tudun Wada

A watan Fabrairun 2023 ne, lokacin da takardun naira suka yi ƙaranci har mutane na yin sammako bakin banki, ɗan yayata ya shigo shagona da ke kusa da titin Ahmadu Bello rungume da kwamfutarsa ta tebur. Ya naɗe ta da zanin gado saboda ƙurar hunturu. Ya ajiye ta a kan teburin aiki, ya ɗora wani kwali a kanta, ko gaisuwar kirki bai iya yi ba.

"Kawu, na sayi katin da kowa ke cewa shi ne daidai, amma injin ya koma tafiyar hawainiya. Kwana biyu ke nan ban runtsa ba ina neman direbansa a intanet, na rasa."

Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna da walima, yana da ɗan ɗaki a Tudun Wada inda yake haɗa su. A lokacin aikin biki uku ne a hannunsa, dangin wata amarya kuma sun fara kiran mahaifiyarsa. Wanda ya san yadda mata ke jiran bidiyon kamu ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Injin nasa ba Mac ba ne, amma macOS yake ci. Irin wanda masu harkar ke kira Hackintosh ne: ka sayi kayan kwamfuta ɗai-ɗai ka haɗa da hannunka, sannan ka ɗora masa babbar manhajar Apple ta bayan gida. Abin ya samo asali ne tun da Apple ya koma amfani da furosesa na Intel a 2006, sai cikin Mac ya zama kusan ɗaya da cikin kowace kwamfuta. Yarjejeniyar lasisin Apple dai ta ce a kan injin da ke ɗauke da tambarinsu kaɗai za a ɗora macOS, kuma a 2008 sun kai ƙarar kamfanin Psystar na Amurka da ke sayar da irin waɗannan injuna, kotu ta hana shi a ƙarshen 2009. Shi ya sa ni ba na haɗa su don sayarwa, kuma tun ranar farko na gaya masa cewa duk abin da ya lalace ba shi da wurin kai kuka. Abin da ya ja shi kuwa shi ne Final Cut Pro, manhajar haɗa bidiyo ta Apple. A kanta ya koyi aiki wurin ubangidansa, ita kuma a kwamfuta ba ta aiki sai a macOS, kuɗin Mac na gaske kuma ya fi ƙarfin aljihunsa.

A 2019 aka haɗa injin: furosesa Intel Core i5-8400, madabod mai B360, RAM gigabayit 16, da katin girafik, wato sashin da ke zana hoto a allo, Nvidia GTX 1060 mai gigabayit 6. Kati ne mai kyau, har yau 'yan gem na neman sa. Matsalarsa ɗaya ce. macOS ba ta zuwa da direban wannan jerin na Nvidia a cikinta, wato manhajar da ke sa katin aiki, sai dai a sauke wanda kamfanin ke fitarwa daban, kuma wannan direban a High Sierra ya tsaya, wato macOS 10.13 ta 2017. Daga Mojave ta 2018 zuwa sama ba a sake fitar da shi ba. Sai yaron ya maƙale a High Sierra shekara huɗu, Final Cut ɗinsa ma ta maƙale tare da shi. Abokan aikinsa sun yi gaba. In suka turo masa aikin da aka buɗe da sabuwar Final Cut, tasa tsohuwar ba ta iya buɗewa. Wannan ne ya kai shi kasuwa, ba son gayu ba.

Ya yi tambaya an ce masa ya nemi AMD RX 580, kuma shawarar daidai ce. Shi ne katin da aka fi yarda da shi a wannan harka, har Apple da kansa ya sa Sapphire Pulse RX 580 mai gigabayit 8 cikin katunan da ya ce masu tsohon Mac Pro su saya in suna son Mojave. Ya samu na hannu a wani shago a cikin gari, kwalin ya ce RX 580 8GB, takardar da ke manne a bayan katin ita ma haka ta ce. Ya cire na Nvidia ya sa shi. Injin ya tashi, hoto ya fito, amma komai na jan ƙafa. In ya ja taga sai ta bar sawu a allo, bidiyo na tsinkewa, Final Cut kuma tana buɗewa ta rufe kanta. A wurin da macOS ke nuna bayanin inji, maimakon gigabayit 8 sai ya ga an rubuta 7 MB.

Wannan 7 MB ɗin duk mai wannan aiki ya san shi. Ma'anarsa macOS ba ta kama katin ba, tana dai amfani da ɗan hoton da madabod ya buɗe mata lokacin tashi, furosesa ne ke ɗaukar duk nauyin zane.

A nan ne kwana biyunsa suka tafi a banza, kuma ban ga laifinsa ba, domin duk wanda ya taso da Windows haka zai yi. Direba tafinta ne tsakanin kati da babbar manhaja. A Windows in ka sa sabon kati sai ka je shafin kamfanin ka sauke tafintan. A macOS babu direban AMD da ake saukewa a ko'ina. Yana cikin manhajar tun daga Apple, kuma yana ɗauke da jerin lambobin katunan da ya yarda ya yi wa aiki. Kowane kati na da lambar shaida da yake faɗa wa inji da zarar an kunna. In lambar na cikin jerin, direba ya kama shi ba tare da ka taɓa komai ba. In ba ta ciki, ko sunan me aka buga a kwali, direba ba zai kalle shi ba. Wato a irin wannan inji, a wurin ciniki ake sa direba, ba a gaban allo ba.

Ban fara da wannan ba dai. Ƙa'idata ce in fara duba ƙarfe da wuta kafin manhaja. Da na buɗe murfin sai na ga abin da ya fi 7 MB tayar min da hankali. Fawa-fak ɗinsa irin mai zuwa da akwatin kwamfuta ne, an rubuta wat 450 a jikinsa amma in ka ɗaga shi ba nauyi. Ba shi da waya mai baki 8 da sabon katin ke nema, sai yaron ya sayi 'yar mahaɗa ya jona ta da wayoyin had-dis. Ramin PCIe na madabod wat 75 yake bayarwa, waya mai baki 6 ta ƙara 75, mai baki 8 kuma 150. GTX 1060 wat 120 yake ci, shi ya sa tsohon fawa-fak ɗin ya lallaɓa da shi shekara huɗu. Cikakken RX 580 kuwa wat 185 ne, AMD ma fawa-fak mai wat 500 ya ce a sa masa. Waɗannan siraran wayoyin ba a yi su don irin wannan nauyi ba, kuma na sha ganin inda robarsu ta narke. Da a ce direban ya kama katin a daren farko ya fara fitar da bidiyo na awa biyu, da labarin da zai kawo min daban ne. Na cire mahaɗar na jefa a kwandon shara a gabansa.

Sannan na jona nawa fawa-fak na gwaji, na sa ƙaramin SSD da nake ajiye da Windows a kansa, na buɗe GPU-Z, wata 'yar manhaja kyauta da ke karanto ainihin bayanin kati daga cikinsa. Minti ɗaya bai cika ba magana ta fito fili. Cikakken RX 580 yana da ƙananan injinan lissafi 2304, lambarsa kuma 67DF. Wannan 2048 ya nuna, lambarsa 6FDF.

Ba jabu ba ne. Kati ne da AMD ya fitar don kasuwar Sin a ƙarshen 2018 da sunan RX 580 2048SP, ƙarfinsa kusan na RX 570. Apple bai taɓa sa shi a wani Mac ba, don haka 6FDF ba ta cikin jerin. Harafi ɗaya ne ya bambanta lambobin biyu, shi ne kuma ya hana yaron barci.

Dalilin da ya sa irinsa suka cika kasuwa a wannan lokaci ma sananne ne. Shekaru masu haƙar kuɗin kirifto sun yi suna tara waɗannan katuna ɗaruruwa a ɗaki ɗaya, suna aiki dare da rana. Ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifton, ya sauya tsarinsa ya daina dogara da haƙa, sai katunan suka rasa aiki, aka zubo su kasuwannin duniya da araha. Wasu aka wanke su aka sake musu riga da fanka da kwali. Suka bi ta Legas suka iso mana.

Hanya uku ce a gabanmu, na zayyana masa su. Ta farko a sake wa katin manhajar da ke cikinsa, a ɗora masa ta RX 570 don ya riƙa faɗar 67DF. Ana yi, yana kuma yin aiki, amma sai an dace da wadda ta yi daidai da ƙwaƙwalwar da ke jikin katin, ko ta Samsung ce ko Hynix ko Micron, kuma katin da aka sake wa riga ba ka da tabbacin abin da ke ƙarƙashinta sai ka kwance. In aka kuskure, ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar yi, kati ya mutu, mai shago kuma ba zai karɓa ba. Ta biyu a bar katin yadda yake a sa OpenCore, manhajar da ke tayar da macOS a irin wannan inji, ya riƙa gaya wa macOS wata lamba daban. Wannan ba ta kashe kati, amma ƙarin ƙulli ne a injin da dama ƙulle-ƙulle ke riƙe da shi, kuma shi zai zauna da injin a Tudun Wada, ba ni ba. Ta uku a mayar da kati.

"Kawu, ba za ka gwada ta farkon ba? Na ga wani a YouTube ya yi cikin minti biyar."

Na ce masa wancan in nasa ya mutu yana da wani a ajiye, kai kuwa bikin mutane uku ke hannunka.

Washegari muka ɗauki injin gaba ɗaya muka je shagon. Na fi son a faɗi gaskiya game da mai shagon: bai yi niyyar cuta ba. Da na nuna masa lambobin sai ya riƙe baki. "Wallahi Injiniya haka na saro su. 'Yan gem na saya kullum, ba wanda ya taɓa dawowa." Gaskiyarsa ne, domin a Windows katin lafiyarsa ƙalau. Ya yarda a canza da ciko, ya fito mana da guda uku, ya ba mu soket da benci. Ba a cinikin biri a sama, don haka kowanne sai da muka sa shi a inji.

Na farko ya nuna 2304, amma da direban AMD ya hau sai Windows ta tsayar da shi da lambar kuskure 43. Alamar da aka fi gani ke nan a katin da masu haƙa suka taɓa manhajar cikinsa don ya ƙara musu sauri. Na biyu ya wuce wannan, muka sa masa FurMark, manhajar da ke matsa wa kati har iyakar ƙarfinsa. Kafin minti goma ɗige-ɗige kore suka fara yawo a allo, ƙwaƙwalwarsa ta gaji. Na uku Sapphire Pulse ne, ya sha jiki, ƙura ta toshe haƙarƙarinsa, amma 2304 da 67DF, ya yi rabin awa a FurMark ba ɗigo ko ɗaya. A kula, 67DF kaɗai ba ta isa shaida ba, domin RX 570 ma ita yake faɗa. 2304 ɗin ne ke tabbatar da cewa abin da ka biya shi aka ba ka. Cikon ta taransifa aka biya, muka zauna fiye da awa ɗaya kafin kuɗin su shiga, kamar yadda kowa ya sha a wancan watan.

A shago na kwance katin. Man da ke tsakanin guntun lissafin katin da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama kamar busasshen yumɓu. Na goge na sa sabo, na hure ƙurar da bulowa ina riƙe da fankokin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima. Muka sayi fawa-fak mai wat 600 na kirki mai waya baki 8 tasa ta kansa. Kuɗinsa ya yi wa yaron zafi, don bai sa shi a lissafi ba.

Wajen ɗora manhaja ban gyara tsohuwar ba. Tsohon tsarin a kan Clover yake, wanda aka yi amfani da shi kafin OpenCore, cike da ragowar saitin Nvidia, ga kuma abubuwan da ya kwaso a kwana biyun nan ya zuba, har da wani saiti, agdpmod=pikera, wanda na katunan RX 5000 da 6000 ne, ba ruwansa da RX 580. Na cire tsohon had-dis ɗin na ajiye shi gefe yadda yake, domin aikin mutane na ciki. A sabon SSD na ɗora Ventura, wato macOS 13 da ta fito a Oktoban 2022, da OpenCore, ba tare da katin a ciki ba. i5-8400 yana da nasa ɗan girafik a jiki, UHD 630, da shi na yi duk aikin ɗorawa. Amfanin haka shi ne in matsala ta taso ka san daga inda ta fito. Na sa injin ya riƙa kiran kansa iMac19,1, wato iMac na 2019, saboda shi ma furosesa irin wannan jerin gare shi da katin AMD ɗan gidan su RX 580. MacOS na ganin abin da ta saba gani. Ƙananan manhajojin taimako kuwa ban wuce na dole ba: Lilu a farko, don sauran a kanta suke tsaye, sai VirtualSMC, da WhateverGreen mai kula da girafik, da AppleALC na sauti, da na intanet.

Da komai ya zauna sai na kashe, na zare wayar wuta, na danna maɓallin kunnawa don ragowar wutar ta fita. Na sa katin a ramin sama mafi kusa da furosesa har maƙullin ya yi ƙara, na ɗaure shi da noti biyu saboda nauyinsa, na jona baki 8. A BIOS, wato saitin madabod, na kashe CSM da Secure Boot, na kunna Above 4G Decoding, na ce hoto ya fara fita ta PCIe, amma ban kashe UHD 630 ba. Wannan na ƙarshen mutane da yawa na kuskurensa. Suna ganin tunda an sa babban kati ƙaramin ba shi da amfani, alhali a cikinsa Quick Sync yake, wanda ke saurin matse bidiyon H.264, irin wanda ake tura wa masu biki. A iMac na gaske haka yake zaune, ba ya fitar da hoto, yana aiki a bayan fage. Don ya zama haka sai na canza lambarsa a config.plist, fayil ɗin saitin OpenCore, daga 07009B3E, ta mai fitar da hoto, zuwa 0300913E, ta wanda ba a jona masa allo.

Muka kunna. Rubutu ya gudu, sai allo ya yi baƙi ƙirin ya tsaya. Yaron ya dafe kai yana salati. Na leƙa bayan injin, ashe da ya mayar da wayoyi ya sa ta HDMI a ramin madabod inda ta saba zama tun jiya, ramin da muka rufe da hannunmu. Ya mayar da ita jikin katin, sai ga allon shiga. Bayanin inji ya nuna Radeon RX 580 8 GB, Metal, tsarin zanen hoto na Apple, na aiki. Ba mu sauke direba ko ɗaya ba.

Ɓangaren Windows, wanda yake ajiye da shi a wani had-dis don wasu ayyuka, bai ɗauki lokaci ba: na cire wayar intanet don kada Windows ta riga ni sa nata, na share ragowar direban Nvidia da DDU, manhajar goge direba, a Safe Mode, na sa na AMD.

Na ɗauka an gama, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Bayan kwana huɗu ya kira: sau biyu yana tsakiyar fitar da bidiyo aka ɗauke wuta, injin ya mutu nan take duk da UPS na jone. Na je Tudun Wada da kaina. UPS ɗinsa mai VA 650 ne, irin wanda ainihin abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba ko yana sabo, nasa kuwa batirin ya shekara uku. Lissafin a bayyane yake: kati 185, furosesa 65, madabod da had-dis da fankoki su ci nasu, ga allo biyu a kai. Da tsohon katin yana tsallakewa da ƙyar, sabon ya ƙara masa wat 65 a daidai lokacin da injin ke kan ganiyar aiki. Mutuwar farat ɗaya irin wannan tana iya lalata aikin da ke buɗe, wani lokaci har SSD. Muka nemo mai VA 1500, muka bar allo ɗaya kaɗai a kansa. Gwajin da na yi shi ne wanda nake yi wa kowa: na sa bidiyo yana fita, katin na huci, na zare filogin bango da hannuna. Injin bai ko girgiza ba. Na kuma hana shi jona injin kai tsaye a ƙaramin janaretansa, wanda wutarsa ke hawa da sauka duk lokacin da maƙwabcinsa mai walda ya kunna nasa injin a layi ɗaya.

Ya miƙa bidiyon bukukuwan uku cikin mako guda. Kafin in bar ɗakin na kwafi babban fayil ɗin EFI, inda OpenCore da duk saitinmu suke, a filasha, na manna ta da salatif a cikin murfin injin. Na kashe sabuntawa ta kai tsaye, na ce kada ya taɓa hawa sabuwar macOS sai an fara sabunta OpenCore da Lilu da WhateverGreen, kuma ba a tsakiyar aikin mutane ba.

Injin na nan yana aiki har yanzu. Sau biyu a shekara yake kawo shi a hure masa ƙura, bayan hunturu da kuma kafin zafin watan Maris ya kankama, fanka ɗaya ta katin kuma ta fara kuka mun canza ta. Sai dai kwanan wannan hanya ƙidayayye ne. Apple ya fara komawa nasa furosesa da M1 a Nuwamban 2020, ya daina sayar da Mac mai Intel a 2023, a Yunin 2025 kuma ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta yi aiki a kan Intel. Bayanta babu macOS da za a ɗora wa inji irin wannan. Da na gaya masa, ya yi shiru, sannan ya ce dama ya shiga adashi da niyyar Mac mini. Na sa masa DaVinci Resolve, wata manhajar haɗa bidiyo, a ɓangaren Windows, tunda ita tana aiki a kowane inji kuma wannan katin na ɗaukarta. Bikin da ya ɗauka a Kawo watan jiya a kanta ya haɗa rabinsa, sauran rabin ya koma Final Cut saboda hannunsa bai gama sabawa ba.